Gwaje-gwajen Selenium sun ƙi tashi bayan Chrome ta sabunta kanta, ɗaya kuma da dare kaɗai yake faɗuwa

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar rubuta manhaja. Ina neman taimako a kan matsalar da ta tsayar mana da aiki tun ranar Litinin. Mu uku ne a wani ƙaramin ofis a Mabera, a nan Sakkwato, muna kula da wata manhajar intanet wadda makarantu masu zaman kansu ke karɓar kuɗin makaranta da ita suna ba iyaye rasiti. Ni aka ɗora wa nauyin gwaji, kuma da kayan gwajin manhaja guda biyu, Selenium da pytest, nake aiki a harshen Python. Gwaje-gwaje 38 ne, waɗanda ke buɗe Chrome da kansu, su shiga da sunan akawun makaranta, su cike fom, su danna maɓallin biya, sannan su duba abin da rasitin ya nuna.

Kwamfutar tebur da nake gwaji a kanta ta yi watanni tana aiki lafiya, domin muna tsimin data kuma ba mu bari ta sauke komai. A makon jiya muka haɗa ta da sabon layin intanet, ranar Litinin da safe kuwa duka gwaje-gwajen 38 suka faɗi kafin ma taga ta buɗe, da wannan saƙo:

`session not created: This version of ChromeDriver only supports Chrome version 114`

Ƙarƙashinsa an rubuta cewa sigar burauzar da ke kan kwamfutar 124 ce. Na je shafin da na saba sauke ChromeDriver, sai na tarar 114 ce ta ƙarshe a can.

Domin kada aiki ya tsaya, na ari kwamfutar tafi-da-gidanka ta abokin aikina, wadda har yanzu Chrome ɗinta tsohuwa ce. A nan gwaje-gwajen suna tashi, amma huɗu daga cikinsu ba su da tabbas, yau su wuce, gobe su faɗi da `NoSuchElementException`, alhali ina kallon maɓallin da idona a kan shafin. Na sa `time.sleep` na daƙiƙa uku, na mayar biyar, na mayar goma, har aikin da ke ɗaukar minti shida ya koma minti 21, kuma duk da haka wani lokaci suna faɗuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi ɗaure mini kai. Muna da wata saba, wato kwamfutar da ake shiga ta intanet, da muke haya a Turai, inda gwaje-gwajen ke gudana a cikin Docker, shirin da ke killace manhaja a akwati nata ita kaɗai, kowane dare da ƙarfe sha ɗaya da rabi. Gwajin da ke duba rasiti yana faɗuwa kowane dare, amma idan na shiga sabar da rana na kunna shi da hannuna sai ya wuce. Shin Selenium ɗin ne ya lalace, mu koma wani kayan gwaji, ko kuwa akwai abin da na kasa gani?

Injiniya na Arkilla ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar sauya kayan aiki, domin abubuwa uku daban ka haɗa a tukunya ɗaya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke nuna cewa Selenium ya lalace. Zan ɗauki na farkon, tunda shi ne ya hana ka buɗe taga.

Selenium ba ya magana da Chrome kai tsaye. Yana aika umarni ne ga wani ɗan ƙaramin shiri, wato ChromeDriver, shi kuma ya isar ga burauza, bisa ƙa'idar WebDriver wadda hukumar W3C ta amince da ita a shekarar 2018. Sharaɗin shi ne babbar lambar sigar direban ta yi daidai da ta burauzar, 114 da 114, ko 124 da 124. Ita kuwa Chrome a 2021 ta koma fitar da sabuwar babbar siga kusan kowane mako huɗu, kuma tana sabunta kanta da zarar ta samu hanya ba tare da ta nemi izininka ba. Tsimin datan da kuke yi ne ya rufa muku asiri duk watannin nan, ranar da kuka ba ta intanet mai yalwa sai ta tsallake siga goma a dare ɗaya ta bar direban a baya.

Dalilin da ya sa ka ga 114 ce ta ƙarshe a tsohon shafin shi ne, daga siga ta 115 a shekarar 2023 Google ya mayar da rabon direban zuwa wani sabon tsari mai suna Chrome for Testing, inda ake fitar da burauzar gwaji da direbanta tare, masu lamba ɗaya. Kana iya zuwa can ka sauke direban 124 da hannu, amma ba na ba ka shawarar haka, domin nan da wata ɗaya za ka sake dawowa da irin wannan tambaya.

Abin da ya fi shi ne ka ɗaga Selenium ɗinka. Tun siga ta 4.6, a ƙarshen 2022, ake haɗa shi da Selenium Manager, wanda ke duba burauzar da ke kan kwamfuta ya sauke direban da ya dace da ita, kuma daga 4.11 ya san hanyar Chrome for Testing. Yana ajiye abin da ya sauke a cikin `.cache/selenium` ƙarƙashin babban kundin mai amfani da kwamfutar, don haka ba kullum zai ci maka data ba. Sai dai ka kula da abubuwa biyu. Na farko, ka nemo tsohon `chromedriver.exe` duk inda ka ajiye shi ka cire shi daga `PATH`, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman shirye-shirye, domin idan ya tarar da shi a can gargaɗi kawai zai yi ya ci gaba da amfani da shi, kai kuma ka zauna kana mamakin yadda saƙon bai sauya ba. Ni kaina na ɓata yini guda a kan wannan kafin na gane. Na biyu, idan rubutunka tsoho ne, ɗagawar za ta fasa wasu layuka, domin an cire `find_element_by_id` da 'yan'uwansa a siga ta 4.3, an kuma cire `executable_path` a 4.10. Gyaran ba shi da wuya, komawa za ka yi ga `find_element` tare da `By.ID`, amma gara ka sani tun yanzu.

Idan kuna so ku daina dogaro da Chrome ɗin da kuke lilo da ita a kullum, ka sa `browser_version` a cikin zaɓuɓɓukan burauza ka ba shi lambar da kuke so, Selenium Manager zai sauke burauzar gwaji mai wannan lamba, wadda ba ta sabunta kanta. Ta haka ku ne za ku zaɓi ranar ɗagawa.

Malama daga Runjin Sambo ta amsa:

Abin da Injiniya ya faɗa a kan direba daidai ne, ba ni da ƙari. Ni gwaje-gwaje huɗun nan ne suka fi damuna, domin matsalar direba a fili take kuma ana gyara ta a awa ɗaya, amma gwajin da ke wucewa yau ya faɗi gobe shi ne ke sa ma'aikata su daina yarda da gwaji gaba ɗaya, har ranar da zai kama kuskure na gaskiya a ce masa ai halinsa ne.

Malam, ka ce kana ganin maɓallin da idonka. Gaskiya ne, amma idonka ya gan shi ne bayan Selenium ya riga ya nema ya rasa. Idan ka ce masa ya buɗe shafi, yana jira ne har burauza ta ce shafin ya gama lodi, daga nan kuma ba ya ƙara jiran komai, domin jiran da aka sa masa tun asali wajen neman abu a shafi sifili ne. Shafukan zamani kuwa sukan gama lodi da kwarangwal kawai, sannan JavaScript ya je saba ya ɗauko jerin ɗalibai ko adadin kuɗi ya zana maɓallin daga baya. Tazarar tana iya zama rabin daƙiƙa da sassafe, ta zama daƙiƙa goma sha biyu da yamma lokacin da layin unguwa ya cika. Kwamfutar ma tana da nata rabon, domin a wannan zafi na watan Afrilu, idan wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, kwamfutar tafi-da-gidanka tana rage gudun kanta don kada ta ƙone, musamman idan a kan batir take. Babu wata lamba ɗaya ta `time.sleep` da za ta dace da duk waɗannan yanayi, ko dai ta yi kaɗan gwaji ya faɗi, ko ta yi yawa ka zauna minti 21 kana kallon bango.

Maganin shi ne jira mai sharaɗi. Ka yi amfani da `WebDriverWait`, ka ba shi iyaka, misali daƙiƙa ashirin, ka faɗa masa abin da yake jira. Yana leƙawa duk bayan rabin daƙiƙa, da zarar sharaɗin ya cika sai ya wuce, don haka idan shafi ya yi sauri babu lokacin da ka ɓata. Amma ka zaɓi sharaɗin da kyau, domin a nan mutane ke zamewa. `presence_of_element_located` yana nufin abin ya shiga tsarin shafi ne kawai, ko da a ɓoye yake. Ga maɓallin da za a danna, `element_to_be_clickable` ake so. Ko shi ma ba ya lura da abin da ya rufe maɓallin daga sama, saboda haka idan manhajarku tana nuna wannan da'irar mai juyawa a kan labule mai duhu yayin lodi, ka fara jiran labulen ya ɓace da `invisibility_of_element_located`, in ba haka ba za ka samu `ElementClickInterceptedException`.

Akwai kuma ɗan'uwansu `StaleElementReferenceException`, wanda ina kyautata zaton za ka haɗu da shi a shafin jerin ɗalibai. Yana faruwa ne idan ka kama wani layi ka riƙe, shafin kuma ya sake zana teburin, abin da ke hannunka ya zama tsohon da aka riga aka share ko da sabon kamarsa ɗaya. Ka sake nemo shi bayan kowane aiki da ke sauya tebur, kada ka ajiye shi tun farkon gwaji.

Wasu za su ce maka ka sa `implicitly_wait` sau ɗaya ka huta. Idan ka zaɓi jira mai sharaɗi to ka bar wancan a sifili, domin takardun Selenium da kansu sun yi gargaɗi cewa haɗa biyun yana jawo lokutan jira da ba a iya hasashensu. Sannan ka sa kowane gwaji da ya faɗi ya ɗauki hoton allo da `save_screenshot` kafin a rufe burauza, kana iya tsara wannan sau ɗaya a `conftest.py`. Hoto ɗaya na lokacin faɗuwa ya fi mana duk bayanin da za ka rubuto.

Mai Saba na Gawon Nama ya amsa:

Game da na ukun, Malam, ba ka kawo mana saƙon kuskuren ba, kuma ba tare da shi ba lalube za mu yi. Abubuwan da aka saba gani a Docker sanannu ne. Wurin ƙwaƙwalwar haɗin gwiwa, wato `/dev/shm`, megabait 64 kawai Docker ke ba shi idan ba a ce komai ba, Chrome kuma tana iya mutuwa a tsakiyar aiki saboda ƙarancinsa, shi ya sa ake ƙara shi da `--shm-size=2g` ko a ba burauza `--disable-dev-shm-usage`. Haka nan burauzar da ke gudana ba tare da taga ba tana ɗaukar girman 800 da 600 idan ba a faɗa mata ba, wanda ke sa wasu shafuka su koma fasalin waya su ɓoye maɓallai, sai an sa `--window-size`.

Sai dai ba na jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ne, domin da su ne da rana ma zai faɗi. Gwaji ɗaya, a kwamfuta ɗaya, yana wucewa da hannu yana faɗuwa da jadawali, to bambancin yana cikin ɗayan biyu, ko dai yanayin da jadawalin ke kunna shi, tunda `cron`, shirin da ke kunna ayyuka bisa jadawali, ba ya ɗaukar duk saitunan da kake da su idan ka shiga da kanka, ko kuma lokacin da ake kunna shi. Don Allah ka kwafo mana layin da pytest ya nuna abin da ya zata da abin da ya samu, ka kuma rubuta `date` a tagar umarnin sabar ka faɗa mana abin da ta amsa da kuma abin da agogon hannunka ke nunawa a daidai lokacin.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya Injiniya, na ɗaga Selenium, kuma kamar yadda ka faɗa saƙon bai sauya ba sai da na gano tsohon direban a cikin kundin `Scripts` na Python, inda na jefa shi bara na manta. Layuka 61 na gyara saboda `find_element_by_id`. Malama, na cire duk `time.sleep`, kuma hoton allo ya nuna ainihin abin da kika faɗa, labulen lodi yana kan maɓallin biya a uku daga cikin huɗun, na huɗun kuwa teburin ɗalibai ne da ke sake zanuwa bayan an zaɓi aji. Na kunna su sau goma a jere tun daga azahar har magariba, babu wanda ya faɗi, kuma duka aikin ya koma ƙasa da minti biyar.

Wata ƙaramar matsala ta ɓullo a kan kwamfutar tebur mai Windows, inda gwajin da ke rubuta rahoto a fayil yake tsayawa da `UnicodeEncodeError` idan ya iso kan alamar ₦ ko sunan ɗalibi mai harafin ƙ ko ɗ.

Ga kuma abin da Malam Mai Saba ya nema. Gwajin daren jiya ya zaci ranar 23 ga wata a kan rasiti, ya samu 24. Da na rubuta `date` sabar ta ce ƙarfe 9:12 UTC, agogona kuma yana nuna 10:12.

Mai Saba na Gawon Nama ya amsa:

To ga shi nan, Malam. Sabarka tana bin agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, Najeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya duk shekara, tunda mu ba ma sauya agogo da rani ko hunturu kamar Turawa. Ƙarfe sha ɗaya da rabi da ka rubuta a jadawali na sabar ne, wanda a Sakkwato sha biyu da rabi ne na dare, wato an riga an shiga sabuwar rana. Manhajarku tana buga rasiti da agogon Najeriya, shi ya sa ta rubuta 24, gwajinka kuma ina da yaƙinin `date.today` yake kira, wanda ke karanta agogon akwatin Docker ya ce 23. A cikin awa 24, awa ɗaya tak ce ranakun biyu ke saɓawa, daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya, kai kuma jadawalinka ya faɗa tsakiyarta.

Kada ka gyara ta hanyar matsar da jadawalin, domin ɓoye matsalar kawai za ka yi. Ka sa gwajin ya lissafa ranar da yankin `Africa/Lagos` ta hanyar `zoneinfo`, wanda ke cikin Python tun siga ta 3.9. A kan Windows sai ka ƙara sauke `tzdata`, domin ba shi da kundin yankunan lokaci irin na Linux. Kuma tunda an gano haka, ina ba ka shawara ka bincika manhajar kanta, ka nemo duk inda aka ɗauki ranar yau ba tare da faɗin yanki ba, domin hannun da ya rubuta gwajin da wannan zato yana iya yiwuwa ya rubuta wani wuri da shi.

Batun ₦ da ƙ kuwa gajere ne. Idan ba ka faɗa wa Python tsarin haruffa ba, a Windows yakan ɗauki cp1252, wanda babu alamar naira ko haruffanmu masu lanƙwasa a cikinsa. Ka sa `encoding="utf-8"` duk inda kake buɗe fayil, ko ka saita `PYTHONUTF8=1` a kwamfutar.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Na gyara duka biyun, kuma daren jiya gwaje-gwaje 38 sun wuce a kan sabar ba tare da na taɓa jadawalin ba. Na kuma bi shawararka na bincika manhajar, Malam, sai ga shi rasiti daidai yake, amma rahoton kuɗin da aka tara a yini, wanda akawun makaranta ke bugawa kowace safiya, da agogon sabar yake yanke rana. Duk uban da ya biya ta waya tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, rasitinsa yana ɗauke da ranar yau, kuɗinsa kuma yana shiga lissafin jiya. Wata makaranta ta taɓa kawo mana ƙorafin cewa rasitai biyu ba su dace da rahotonta ba a farkon zangon nan, muka ɗauka kuskuren akawunta ne. Na duba ma'adanar bayanai yanzu, ɗaya an biya shi 12:20 na dare, ɗayan 12:47. Mun gyara rahoton, na rubuta gwaji na 39 wanda ke ƙirƙirar biya a 12:30 na dare ya tabbatar ya faɗa ranar da ta dace, gobe da safe kuma ni da abokin aikina za mu je makarantar mu ba akawun haƙuri.